Tambayoyi da Amsoshi kan Insha'in Turanci a Jarrabawar WAEC da NECO: Wasiƙa, Muhawara, Jawabi da Maƙala

Waɗannan tambayoyi ne da ɗaliban ajin ƙarshe na babbar sakandare da iyayensu suke maimaita mini kowace shekara da zarar jarrabawa ta ƙarato. Na keɓe su ga ɓangare ɗaya na darasin Turanci, wato rubutun da ake neman ɗalibi ya shawo kan mai karatu ko ya biya wata buƙata da alƙalaminsa, domin a nan ne nake ganin yara masu ƙwazo suna zubar da makin da ya kamata su kwasa.

Ina insha'i yake a cikin jarrabawar Turanci, kuma maki nawa yake ɗauke da shi?

Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma take shirya jarrabawar kammala sakandare a Najeriya da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya, ta raba darasin Turanci gida uku. Takarda ta farko tambayoyi 80 ne na zaɓen amsa, a cikin awa ɗaya, a kan maki 40. Ta biyu awa biyu ce a kan maki 100, kuma a cikinta insha'i yake da maki 50, auna fahimta 20, taƙaitawa 30. Ta uku ta furuci ce, mai maki 30. Jimilla maki 170 ke nan, don haka insha'i guda ɗaya tak yana ɗauke da kusan kashi 30 cikin ɗari na darasin baki ɗaya.

Ana kawo batutuwa biyar, ɗalibi ya zaɓi ɗaya ya rubuta abin da bai gaza kalmomi 450 ba, an kuma shawarce shi ya gama cikin minti 50. Hukumar NECO, da aka kafa a 1999 da hedikwata a Minna, tana bin tsari mai kama da wannan, saboda haka shiri ɗaya ya wadatar wa jarrabawar biyu. Tunda kiredit a Turanci, wato C6 zuwa sama, sharaɗi ne na shiga jami'a a Najeriya, minti 50 ɗin nan suna da nauyi ƙwarai a makomar yaro.

Waɗanne irin batutuwa ake kawowa?

Manhajar WAEC ta ambaci wasiƙa, jawabi, labari, siffantawa, muhawara, rahoto, maƙala, bayani da ƙagaggen rubutu. A aikace da wuya a rasa wasiƙa cikin biyar ɗin, sau da yawa ma biyu ne, ɗaya zuwa ga hukuma ɗaya zuwa ga ɗan'uwa ko aboki, sannan maƙala ko jawabi ko muhawara, sai labarin da zai fito da ma'anar wani karin magana. In aka cire labarin, sauran kusan duk rubutu ne da ake yi wa wani mutum takamaimai don ya yarda da wani abu ko ya aikata wani abu.

Batutuwan ba sa nisa da rayuwar ɗalibi: ƙarancin ruwan sha a unguwa, lalacewar hanya, satar amsa, shaye-shayen matasa, rashin aikin yi, ƙanen da yake son barin karatu. Ba a neman wani ilimi na musamman. Abin da ake aunawa shi ne ko yaro zai iya tsara abin da ya riga ya sani da Turanci mai tsabta.

Yaya masu duba takardu suke raba makin 50 ɗin?

Gida huɗu suke raba shi. Ƙunshiya, wato abin da ka faɗa da yadda ya dace da tambayar, maki 10. Tsari, wato siffar rubutun da gabatarwa da jerin sakin layi da kammalawa, maki 10. Sarrafa harshe, wato zaɓen kalmomi da ginin jimla da dacewar lafazi da wanda ake yi wa magana, maki 20. Sai ƙa'idojin rubutu, maki 10, inda ake cire rabin maki a kan kowane kuskure na nahawu ko harafi ko aya da waƙafi.

Ka lura da lissafin gida na huɗu: kuskure 20 sun share makin 10 kaf, kuma a rubutu mai kalmomi 450 ba wuya a tara su tun kafin a kai tsakiya. Ka kuma lura cewa sarrafa harshe ya ninka ƙunshiya, don haka wanda ya kawo dalilai uku na yau da kullum cikin jimloli masu kyau ya fi wanda ya jero dalilai bakwai cikin Turanci mai tuntuɓe. Wanda kuwa ya kauce wa tambayar gaba ɗaya yana rasa makin ƙunshiya da na tsari, a kuma rage masa na sarrafa harshe.

Mene ne rubutun shawo kai, kuma me ya raba shi da rubutun bayani?

Mai bayani burinsa a fahimta. Mai shawo kai burinsa mai karatu ya canza ra'ayi ko ya tashi ya yi wani abu. Idan aka ce ka bayyana illolin shaye-shaye, kana jera illoli ne kana fayyace su. Idan aka ce ka rubuta wa abokinka da ya faɗa shaye-shaye ka janye shi, illolin nan ɗai za ka kawo, amma za ka zaɓi waɗanda za su taɓa zuciyarsa: mahaifiyarsa da take kuka, ƙwallon da ya daina bugawa, jarrabawar da ta rage wata biyu.

Ina yawan faɗa wa ɗalibaina cewa wannan fasaha ba baƙuwarsu ba ce. Yarinyar da take son mahaifinta ya bar ta ta ci gaba da karatu ta san lokacin da za ta tunkare shi, da kalmar da za ta fara da ita, da uzurin da zai kawo, da amsar da ta tanadar masa. Dattijon da ya je biko ya san ba zai yi wa surukai magana yadda zai yi wa ɗansa ba. Mai ciniki a kasuwa ya san hujjar da zai ajiye sai ƙarshe. Abin da jarrabawa take nema ke nan, sai dai da Turanci kuma a rubuce. Saboda haka kafin ka ɗora biro a takarda ka amsa wa kanka tambayoyi uku: a matsayin wa nake magana, wa nake yi wa magana, me nake so ya yi idan ya gama karantawa. Amsoshin su ne za su zaɓa maka siffar rubutun da lafazinsa da irin dalilan da za ka kawo.

Yaya zan raba minti 50 ɗin?

Rabon da nake koyarwa shi ne minti biyar na karanta batutuwan da zaɓe, biyar na tsara dalilai, 35 na rubutu, biyar na bita. Wajen zaɓe kada ka bi sunan nau'in rubutun. Ka bi batun da dalilai uku suka zo maka a kansa nan take. Sannan ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin umarni. Tambayar da ta ce a kawo musabbabi da mafita aiki biyu ta ba ka, wanda ya yi ɗaya kuwa rabin amsa ya bayar. Wadda ta ce "at least three reasons" ba ta karɓar biyu.

Bitar ƙarshe ita ce ɗalibai suka fi watsarwa, alhali kowane kuskure biyu da ka kama maki ɗaya ne ya dawo. Ka duba ƙarshen kowane aikatau, da babban harafi a farkon jimla da sunayen mutane da garuruwa, da aya a ƙarshen jimla. In za ka gyara kalma, ka soke ta da layi ɗaya ka rubuta daidai a samanta.

Ina da dalilai uku, amma cikin layi biyar sai su ƙare. Yaya zan faɗaɗa su?

Wannan ita ce babbar matsalar, kuma maganinta shi ne kowane dalili ya sami sakin layinsa. Jimlar farko ta faɗi dalilin kai tsaye. Na biye su bayyana yadda abin yake faruwa, su kawo misali da ido zai iya gani, sannan su nuna abin da zai biyo baya in an gyara ko in an bari.

A ɗauki wasiƙa zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma kan neman rijiyar burtsatse. Ɗalibi mai gaggawa zai rubuta cewa rashin ruwa yana shafar karatun yara, ya wuce. Mai natsuwa zai faɗi haka, sannan ya nuna cewa yara suna fita tun bayan sallar asuba da jarkoki zuwa rijiyar da ke bayan gari, suna tarar da layi, ba sa isa makaranta sai an gama darasin farko, wasu kuma iyayensu sun ga gara su zauna gida su taya ɗiban ruwa. Daga nan ya ce rijiya ɗaya a tsakiyar unguwa za ta mayar da waɗannan yara aji a kan lokaci. Dalili ɗaya ne, amma ya ci kalmomi kusan 100 ba tare da maimaici ba. Uku irinsa, da gabatarwa da kammalawa, sun cika 450.

Wajen jerawa, ka ajiye dalilin da ya fi ƙarfi a ƙarshe, ka kuma haɗa sakin layi da kalmomin sadarwa irin su "furthermore" da "however" da "as a result", kowace a inda ma'anarta ta dace. Ka guji ƙirƙiro alƙaluma. Abin da ka gani da idonka a unguwarku ya fi kaso cikin ɗari da ka ƙago gamsarwa, kuma ya fi sauƙin rubutawa daidai.

Mene ne tsarin wasiƙar hukuma?

Adireshinka a sama ta hannun dama, kwanan wata a ƙarƙashinsa. Muƙami da adireshin wanda ake rubuta wa ta hannun hagu. Sai "Dear Sir," ko "Dear Madam," sai kan magana, ko dai da manyan haruffa duka ko kuma a ja masa layi. Sakin layi na farko ya faɗi dalilin wasiƙar. A rufe da "Yours faithfully," da babban harafi a kalmar farko da ƙarami a ta biyu, waƙafi a ƙarshe, kuma babu waƙafin sama a cikin "Yours". Sa hannu ya biyo, sannan cikakken suna, da muƙami idan tambayar ta ba ka, kamar shugaban ɗalibai.

Ba a gajarta kalmomi a nan, don haka "do not" za ka rubuta a cike. Wasiƙa zuwa ga editan jarida ma wasiƙar hukuma ce, duk da cewa jama'a ake son su karanta. Bambancinta da maƙala yana cikin amsar da ta shafi maƙala da jawabi da rahoto. Wannan tsari abin koya ne na yini ɗaya, bai kamata a rasa ko rabin maki a kansa ba.

Malam, ba rashin ladabi ba ne in rubuta wa babba wasiƙa ban gaishe shi ba?

Wata ɗaliba ce ta fara yi mini wannan tambaya, kuma na ji daɗinta, domin ta fito ne daga tarbiyya. A Hausa wasiƙa takan buɗe da sallama, sai "bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri", a tambayi iyali da aiki, sannan a shiga magana. Wanda ya tsallake wannan a wurinmu ya yi gatsali. A wasiƙar hukuma ta Turanci kuwa, tambayar lafiyar kwamishina da iyalinsa kuskure ne da yake rage makin tsari da na sarrafa harshe, saboda ofishi ake rubuta wa, kuma girmama mai ofis shi ne kada a ɓata masa lokaci.

Ladabinki ba zai ɓace ba, wurinsa ne zai sauya. Zai bayyana a zaɓen kalmomi: "I wish to draw your attention to" a farko, "I should be grateful if" wajen roƙo, da kauce wa zargi da zafin baki ko da ƙorafi kike yi. Haka kuma ki guji wuce gona da iri wajen kirari da magiya, irin jera addu'o'i da yabo a sakin layi guda. Gaisuwar da kika saba da ita tana da gurbi a wasiƙar zumunci, amma ko can jimla biyu sun isa.

Ashe wasiƙar zumunci ba ita ce mafi sauƙi ba?

Tsarinta ne mai sauƙi: adireshinka da kwanan wata, "Dear" da sunan mutumin, babu kan magana, a rufe da "Yours sincerely," ko makamancinsa, sai sunanka na farko kawai ba sa hannu. An yarda da gajarta kalmomi irin "I'm" da "can't", ana ma son lafazin ya yi kama da hira. Tarkon shi ne ɗalibai suna sakin jiki su cika rabin shafi da gaishe-gaishe, ko su shigo da rubutun saƙon waya irin "u" da "pls", waɗanda kowannensu kuskure ne da ake cire wa maki. Aikin da tambayar ta ba ka yana nan daram, kuma faɗaɗa dalilai a nan daidai yake da yadda aka bayyana a misalin rijiyar burtsatse. Lafazin da za ka yi wa mahaifinka kuma ya bambanta da na abokin wasanka, ko da yake duka wasiƙun zumunci ne.

A muhawara, ɓangare ɗaya zan ɗauka ko in kawo duka biyun?

Ɓangare ɗaya. Tambayar takan ce ka rubuta jawabinka na goyon baya ko na adawa, don haka wanda ya tsaya tsakiya yana yabon nan yana yabon can bai amsa ba. Ka buɗe da kiran mahalarta bisa girmansu: "Mr Chairman, Panel of Judges, Time-keeper, Co-debaters, Ladies and Gentlemen". Ka faɗi batun da matsayinka a kansa tun a sakin layi na farko, ka kawo hujjojinka, ka rufe da kira ga masu sauraro su yarda da kai, sannan ka yi godiya. Ka zaɓi ɓangaren da ka fi samun hujja a kansa ko da zuciyarka tana ɗaya ɓangaren, domin ba ra'ayinka ake ba wa maki ba.

Ɗaukar ɓangare ɗaya bai hana ka ambaton hujjar abokan hamayya ba, in dai don ka rushe ta ne. Idan kana kare cewa makarantar kwana ta fi ta jeka-ka-dawo, ka san za su ce ɗan kwana yana nesa da tarbiyyar iyaye. Ka riga su faɗa, sannan ka amsa cewa ɗan jeka-ka-dawo da yawa ba ya samun awa ɗaya ta nazari da dare saboda aike da rashin wutar lantarki, alhali ɗan kwana yana da lokacin nazari da aka tsara masa ƙarƙashin kulawar malamai. A ganina sakin layi irin wannan shi ne yake raba rubutu mai kyau da matsakaici, domin yana nuna yaron ya yi tunani a kan abin da wani zai ce.

Tunda jawabi ne da za a saurara, ka riƙa juyowa ga masu sauraro lokaci-lokaci, ka yi tambayar da amsarta a fili take sau ɗaya ko biyu. Fiye da haka sai ta zama hayaniya.

Me ya bambanta maƙala da jawabi da rahoto?

Maƙala tana da take a sama da sunan marubuci, ko a ƙarƙashin taken ko a ƙarshe, kuma ba ta da adireshin edita ko "Dear Sir" ko "Yours faithfully". Ɗalibai da yawa suna ganin kalmar jarida a tambaya sai su rubuta wasiƙa, su yi asarar makin tsari. Ka duba da kyau: "an article for publication" maƙala ce, "a letter to the editor" wasiƙa ce. Ka kuma duba inda za a buga ta, domin mujallar makaranta ɗalibai ne masu karanta ta, jaridar ƙasa kuwa ta kowa ce.

Jawabi yana buɗewa da kiran mahalarta kamar muhawara, sai dai babu abokin hamayya, kuma taron ne yake tsara lafazin, ko na bankwana ne ko na maraba da sababbin ɗalibai. Rahoto yana da take, yana faɗin abin da ya faru da wuri da lokaci bi da bi cikin shuɗaɗɗen lokaci, ba tare da zuzutawa ba, sai shawarwari in an nema, da suna da muƙamin mai rahoton.

Manyan kalmomi suna ƙara maki?

Kalmar da ta dace ita take ƙara maki. Babbar kalma da aka sa ba a muhallinta ba tana jawo asara biyu, ta ma'ana da ta harafi, tunda yawanci ita ce mai wuyar rubutawa. Abin da yake burge mai dubawa shi ne kalmomin da suka dace da fagen, misali "borehole" da "water-borne diseases" a batun ruwa, da kuma cakuɗa gajerun jimloli da dogaye. In jimla ta kai layi huɗu ba ka ga ƙarshenta ba, ka raba ta biyu.

Waɗanne kurakurai ne suka fi kama ɗalibi Bahaushe?

Mafi yawansu daga ginin Hausa suke tasowa, kuma sanin tushensu yana sauƙaƙa maganinsu. Muna cewa "Babana ya zo", suna da wakilin suna tare, sai yaro ya rubuta "My father he came", alhali Turanci ɗaya yake ɗauka. A Hausa lokaci yana bayyana ne kafin aikatau, kamar "ya tafi", "zai tafi", shi ya sa ake mantawa da "ed" da "s" da Turanci yake liƙawa a ƙarshen aikatau. Kowane suna a Hausa namiji ne ko mace, don haka mota da makaranta sukan zama "she" a maimakon "it". Ba mu da kalmar da take daidai da "a", sai a riƙa tsallake ta.

Akwai kuma fassarar kalma da kalma. Muna shan magani, amma Turanci "take medicine" yake cewa. Muna jin wari, amma ba a cewa "hear" ga wari. "Ara mini" yakan fito a matsayin "borrow me" a maimakon "lend me". Sannan furuci yana bin yaro har cikin rubutu: rikita "p" da "f" yana mayar da "pull" ya zama "full", rikita "b" da "v" yana mayar da "vote" ya zama "bote". A ƙara da jam'in da Turanci bai yarda da shi ba, irin "advices" da "informations" da "furnitures".

Shawarata ita ce kowane ɗalibi ya ware shafi a bayan littafinsa ya riƙa rubuta kurakuran da aka kama masa. Bayan insha'i biyar zai ga cewa iri huɗu ko biyar ne suke ta dawowa, kuma su zai fara nema a mintocin bita da aka ambata a amsar rabon lokaci.

Zan iya kawo karin magana ko aya a rubutuna?

Karin magana ɗaya da ya dace yana ƙawata jawabi ko wasiƙar zumunci. Na Hausa ma yana shiga in ka fassara ma'anarsa da Turanci mai kyau ka kuma nuna cewa maganar mutanenku ce, amma kada ka rubuta shi da Hausa, domin mai duba takardarka yana iya kasancewa daga kowane yanki na ƙasar. Saboda wannan dalilin ne kuma bai kamata aya ko hadisi su zama su kaɗai ne hujjarka ba. Ka kawo dalilin da kowane mai karatu zai iya aunawa. A wasiƙar hukuma da rahoto gara a bar karin magana gaba ɗaya.

In haddace insha'i biyu ko uku in shiga da su?

A'a. Tambayar da za ta fito ba za ta zo daidai da abin da ka haddace ba, kuma wanda ya tusa haddarsa a inda ba ta dace ba ya faɗa hukuncin kauce wa tambaya da aka bayyana a amsar rabon maki. Masu dubawa suna karanta ɗaruruwan takardu, don haka gabatarwar da aka kwafo daga littafi ba ta ɓuya gare su, balle idan sakin layi na biyu ya zo da Turancin da bai yi kama da na farko ba. Abin da ya cancanci hadda shi ne siffar kowane nau'in rubutu, da kalmomin sadarwa, da daidaitaccen rubutun kalmomin da suke ba ka wahala.

Me zai faru in ban kai kalmomi 450 ba, ko na zarce?

Wanda ya gaza ana rage masa iyakar makin ƙa'idojin rubutu gwargwadon gazawar tasa, kuma gajeren rubutu da wuya ya faɗaɗa dalilai yadda zai sami makin ƙunshiya. Zarcewa kaɗan ba laifi ba ne, amma zarcewa da yawa tana cin lokacin auna fahimta da taƙaitawa, waɗanda su ma maki 50 ne a haɗe. Kada ka tsaya ƙirga kalmomi a zauren jarrabawa. Tun a gida ka ƙirga yawan kalmomin da hannunka yake sawa a layi ɗaya. In tara ne, layi 50 kake buƙata.

Wata uku suka rage. Yaya zan yi shiri, musamman in babu mai duba mini?

Ka rubuta cikakken insha'i biyu kowane mako, da agogo a gabanka, kana juya nau'o'in: wannan makon wasiƙar hukuma da muhawara, mai zuwa maƙala da wasiƙar zumunci. Cikin wata uku ka rubuta sama da 20. A sauran ranakun ka ɗauki tambaya ɗaya daga littafin tambayoyin shekarun baya ka tsara mata dalilai uku cikin minti biyar ba tare da ka rubuta ta ba. Karanta misalan wasu yana da amfani, amma hannu ba ya sabawa sai da rubutu.

WAEC tana wallafa rahoton manyan masu duba jarrabawa a shafinta na intanet, inda ake bayyana abin da kowace tambaya ta nema da inda ɗalibai suka yi rauni, kuma ya cancanci a karanta shi da natsuwa. Shafin ra'ayi da na wasiƙun masu karatu a jaridu irin Daily Trust misalai ne na rubutun shawo kai na gaske. In malami ya yi wuyar samu, ku haɗu ku uku ku riƙa musayar takardu kuna ba juna maki bisa gidaje huɗun nan. Ka kuma karanta rubutunka da ƙarfi bayan kwana ɗaya, domin kunne yana kama abin da ido ya tsallake.

Ni mahaifi ne, ba na jin Turanci. Da me zan taimaki yarona?

Kuna da abin bayarwa mai yawa, domin rabin aikin tunani ne, tunani kuwa da Hausa ma ana gina shi. Ku sa yaron ya fassara muku batun da zai rubuta, ku ce ya gamsar da ku da baki, ku kuma riƙa kawo masa uzuri irin wanda shugaban ƙaramar hukuma ko abokin hamayya zai kawo, har sai ya iya amsawa. Ku tambaye shi misalin da ya gani da idonsa a kan kowane dalili. Bayan haka ku ba shi minti 50 da babu aike a cikinsu sau biyu a mako, ku riƙe masa agogo, ku tanadar masa fitila da takarda da littafin tambayoyin shekarun baya. In akwai malami ko ɗalibin jami'a a unguwa, ku roƙe shi ya duba wa yaron ko da insha'i ɗaya ne a kowane mako biyu, ya ja layi a ƙarƙashin kurakuran, yaron ya gyara su da hannunsa ya sake kawowa.